Hoto uku, gona guda

A ƙasar Buza, cikin kwarin Majiya, akwai wani dattijo manomi mai ɗiya maza biyu. Babban shina Abijan wurin bida, shi ke aiko da kuɗɗi in rumbu ya yi ƙasa. Ƙaramin shina gida, shi ke riƙe da gona.

Farkon watan Satumba, da sassafe, ƙaramin ya hau tudun da ke bayan gari. Ya ɗauki hoton gonarsu da salula. Ruwa ya samu, hatsi ya fidda kai, ko'ina kore shar. Ya sauko da murna ya ce: "Baba, duba. Zan aika ma yaya shi kwantar da hankalinshi. Bana ba mu da abin roƙo gare shi."

Tsohon ya daɗe shina kallo. Sannan ya ce: "Ya yi kyau. Amma dakata, kar ka aika tukuna."

Ya shiga ɗaki ya fiddo wani tsohon hoto naɗe cikin tsumma. Baƙi da fari ne. Wani baƙo ya ɗauke shi a 1974, bayan babbar yunwa, daga bisa wannan tudu, ya aiko ma mahaifinshi. A wancan zamani hoto mai launi sai mai hali. Shina da tsada, kuma sai an kai shi babban birni a wanke. Ga shi ba ya da ƙarko: da yawa sun koɗe, sun koma jaja-jaja. Wannan kuwa ya wuce shekara 50, komi na nan sarai. Fili ne fetal, sai gawo uku. Gabas da gonar akwai wani ɗan kwazazzabo siriri kamar zare.

Yaron ya ce: "Baba, ai ba su gwaduwa. Naka toka-toka ne, nawa kore."

Tsohon ya ce: "To, naka ba ya tuɓe riga?"

Yaron ya yi dariya, ya taɓa salular, launi ya fita. Sunka aje hotunan biyu kusa da juna bisa tabarma.

Abu na farko da sunka gani mai daɗi ne. Inda babu ko inuwa a 1974, yanzu ga layukan dogon yaro sun ratsa kwarin, baƙi ƙirin. Tsohon ya san tarihinsu, don da hannunshi aka dasa wasu. A 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE sunka fara wannan aiki a Majiya: layi bibbiyu, tsakanin kowane shinge da na gaba wajen mita 100, don a karya ƙarfin iska.

Abu na biyu ya sa sunka yi shiru. Zaren nan na gabas ya zama igiya. Kwazazzabon ya buɗe baki, ya yi rassa biyu, ɗaya ya shigo cikin gonar. A hoto mai launi shina nan, amma ba wanda ya lura da shi.

Mene ne dalili? Idon manomi yana son kore. Da ya gan shi, sai hankali shi kwanta, shi daina bincike. In an cire launi, abin da ya rage haske ne da inuwa. Yaron ya ɗauki hoton rana ba ta yi sama ba, haskenta na zuwa daga gefe. Saboda haka kowane rami ya cika da inuwa, kowane tudu ya fito. Da tsakar rana ya ɗauka, da inuwa ta ɓuya, ƙasa ta yi kamar faifai.

Masana ma da irin wannan gwaji sunka yi aiki. A 1975 an ɗauki hotunan ƙasar Nijar daga jirgin sama, baƙi da fari. A cikinsu kowane icce ɗigo ne baƙi, ana iya ƙidayawa. Da aka gwada hoton Galma, ta ƙasar Madawa, da wanda aka ɗauka a 2003, sai aka ga ɗige-ɗigen sun ninka sau da yawa. Da irin waɗannan hotuna aka kimanta cewa manoman Nijar, musamman na Maraɗi da Damagaram, sun raya itatuwa wajen miliyan 200 bisa hekta miliyan 5, ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon icce cikin gona ana gyara shi. Da babu tsohon hoto, da gardama ce kawai, kowa da abin da ya tuna.

Yaron ya ce: "Ashe mai launi maƙaryaci ne."

Tsohon ya ce: "A'a, ɗana, kar ka yi mishi sharri. Maido mishi rigarshi, ka matso mini da kusurwar arewa."

Da launi ya dawo, sai ga wasu ƴan furanni jaja-jaja masu ruwan shuni a gindin hatsi. Ƙuduji ne. Ganyen hatsin wurin ya yi fatsi-fatsi, karan bai kai na sauran ba. A baƙi da fari duk wannan ya ɓace, don ja da kore kan fito toka iri ɗaya. Wanda ya dogara da baƙi da fari kaɗai ba ya gane hatsi mai ciwo. Ba ya rarrabe jan fako da ƙasa mai rai. Ba ya ganin abin mamakin gawo, wanda ke zubar da ganye da damana, shi yi kore da rani sa'ad da daji ya bushe.

Nan kowane hoto ya nuna aikinshi. Mai launi shina ba da labarin bana: lafiyar shuka, ruwa, ciyawa. Baƙi da fari shina ba da labarin shekaru: ƙirar ƙasa, hanyar ruwa, yawan itatuwa. Mai launi kamar baƙon da ya kwana ɗaya ne, abin da ya tarar shi kan faɗa. Baƙi da fari kamar tsohon gari ne, ya san inda rijiya ta dā take.

Da yamma sunka aika ma na Abijan hoto uku: mai launi, da wanda aka cire ma launi, da na 1974. Tsohon ya yi magana cikin salular ya ce: "Cimaka, in Allah ya yarda, bana za a samu. Amma ruwa na cin gonar kakanka. In kana da hali, aiko da kuɗɗin hayar amalanke. Da an gama girbi za mu kwaso duwatsu mu jera a bakin kwazazzabo. Ƙanenka kuma zai tuge ƙuduji tun bai zubar da iri ba, mu kai taki wurin."

Da hoto guda aka aika, da babban ya yi barci da daɗi, gona kuwa tana tafiya.

Ƴan uwa manoma, yau salula ta shiga ƙauyuka da yawa. Wanda ke da ita shi zaɓi wuri guda mai tsawo kusa da gonarshi. Shi ɗauki hoto daga nan sau biyu a shekara, da damana da rani, da sassafe ko da la'asar. Shi dube shi da launi, shi sake dubawa babu launi. In da hali, shi sa a fidda guda bisa takarda, a rubuta shekara da sunan wurin a bayanta. Wanda ya shiga yaƙi da jahilci shina iya rubutawa da kanshi. Salula na lalacewa, takarda na jiran jikoki.

Allah shi ba da damana mai albarka.