Wa Zai Rubuta Labarin Mai Gatarin Aradu?



A taron ƙungiyarmu, duk rubutun da aka kawo ba ya wuce soyayya, kishiya ko 'yan bindiga. Da an ce tarihi kuma, sai mu tsaya kan Birnin Zamfara da jihadin 1804, kamar kafin nan ba kowa a ƙasar nan.

Turawa sun daɗe suna ƙaga labari kan mutanen farko. A 1856 aka tono ƙasusuwa a kwarin Neander na Jamus, na wasu mutane da masana suka ce sun ƙare kimanin shekara 40,000 da suka wuce. A kansu William Golding ya rubuta The Inheritors a 1955, Jean Auel ta rubuta The Clan of the Cave Bear a 1980. Ƙashi da dutse kawai suka samu, suka sa musu suna da yunwa da tsoro.

Mu ma muna da abin kamawa. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da kwalekwale mai kusan shekara 8,000. A Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin duwatsu. Sannan ga gatarin aradu, wanda kakanninmu ke cewa tsawa ce ta jefo shi, alhali hannun mutum ne ya wasa shi.

Na san abin da ke riƙe mana alƙalami: tsoron a ce mun taɓa asalin Annabi Adamu (AS). Nima wannan tsoron ya sa na ajiye wani labari wata shida. Amma wanda ya sassaƙa kwalekwalen Dufuna ɗan Adam ne kamar ni da kai, kuma tatsuniya ba fatawa ba ce.

Abin da ke damuna shi ne lokaci. A shekarun 1990 an wawashe gumakan yumɓu na Kwatarkwashi aka fitar da su waje. Yau kuma daga Anka har Bukkuyum ƙasa ake tonawa don zinari, ba mai tambayar me ke cikinta banda shi.

Na koma kan labarina: wata yarinya a bakin gulbin Zamfara, inda Gummi take yanzu, da damina ta raba ta da danginta, ba ta da komai sai gatarin mahaifinta. Wanda ke da irin wannan dutse a gidansu, don Allah ya ɗora mana hotonsa, ya faɗi abin da tsofaffi suka ce a kansa.

Allah ya ƙara mana basira.