Mai Tsaron Numfashin Jarirai

A asibitocin Amurka da Kanada akwai wani ma'aikaci wanda ba likita ba ne, ba kuma nas ba. Aikinsa duka a kan numfashi ya tsaya. Wanda aka sa ɗakin jarirai kuwa shi ya ɗauki kaya mafi nauyi, gama jariri ba shi da bakin faɗin inda ke masa ciwo.

Babban mutum yakan ja numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda, sabon haihuwa kuwa sau 40 zuwa 60. A cikin huhu akwai wani ruwa mai santsi, shi ke hana 'yan jakunkunan iska mannewa in an fid da numfashi. Bakwaini yakan zo duniya tun huhunsa bai tara wannan ruwa isasshe ba. Likita Mary Ellen Avery da Jere Mead suka gano haka a 1959. A 1963 wannan ciwo ya ɗauke ɗan Shugaba Kennedy na Amurka, bai cika kwana 2 a duniya ba. Mulki da dukiya ba su hana ba. Sai a 1971 Likita George Gregory ya bayyana dabarar hura wa jariri iska sannu sannu ba yankewa, don huhu ya zauna a buɗe. A 1980 kuma Likita Fujiwara na Japan ya nuna ana iya ɗura ruwan nan ta maƙogwaro.

To, yawancin aikin nan a hannun mai tsaron numfashi yake. Shi ke haɗa na'ura, ya daidaita ta, ya zuƙe majinar da ta toshe hanya, sa'an nan ya zuba wa ƙirjin yaro ido dare da rana.

Amma abin da ya fi kome wuya shi ne awo. Iskar da ake shaƙa, kashi 21 cikin 100 oksijin ne, watau sashen da ke riƙe da rai. Bakwaini yakan bukaci ƙari. In ƙarin ya gaza, ƙwaƙwalwa ta lalace, ko yaro ya mutu. In ya wuce kima, ido ya tafi. Daga wajen 1942 zuwa 1954 dubban bakwaini suka makance don an cika musu oksijin, alhali da niyyar alheri aka yi. Kamar gishiri ne a miya, sai an auna. Saboda haka mai gaggawa ko mai gyangyaɗi bai dace da wannan aiki ba.

Iyaye ma suna da nasu rabo na tsaron nan. In numfashin sabon haihuwa ya kai sau 60 a minti bai sauka ba, ko ƙirjinsa yana lotsawa ƙwarai, ko yana nishi, ko leɓensa ya yi shuɗi, kada a tsaya jiran gari ya waye. A kai shi asibiti nan da nan.