Dutsen da ya faɗi cikin tabki

A ƙasar Birazil akwai wani babban tabki mai suna Furnas. Mutane ne suka yi shi: sun tare kogi da madatsa, ruwa ya taru ya cika kwazazzabai. Duwatsu na tsaye hagu da dama kamar ganuwa. Baƙi kan shiga kwalekwale mai inji su ratsa tsakaninsu don kallo.

Ran Asabar, 8 ga watan Janairu 2022, kwalekwale da yawa na gindin wani dutse, kusa da garin Kafitoliyo. A wajenmu lokacin ɗari ne, amma can tsakiyar damana ce, kuma an kwana biyu ana sheƙa ruwa.

Mutanen wani kwalekwale da ke ɗan nesa suka hangi tsakuwa na zubowa daga bisa. Suka yi ta kururuwa, suna cewa a janye. To, wa zai ji? Ga ƙarar inji, ga ƙugin ruwan da ke gangarowa daga dutse.

Sai wani ɓangaren dutsen, dogo kamar gidan sama, ya rabu da sauran. Ya karkata sannu sannu, kamar katangar laka wadda ruwa ya ci gindinta, kana ya rikito. Tabki ya yi tsiri sama. Mutum 10 suka rasu, dukansu cikin kwalekwale guda.

Dutsen ya daɗe da tsagewa. Kowace damana ruwa na shiga tsagar yana buɗa ta kaɗan kaɗan, mutane kuwa na wucewa ta ƙarƙashinsa suna ɗaukar hoto.