Majalisa Ɗaya, Gida Biyu

A ranar 12 ga Janairu, 1995, mutanen Nijar suka fita zaɓen 'yan majalisar dokoki. Shugaba Mahamane Ousmane ne ya rushe majalisar farko a watan Oktoba na 1994, bayan jam'iyyar PNDS ta Mahamadou Issoufou ta rabu da shi ta haɗa kai da MNSD. Ya yi fatan talakawa za su ba shi rinjaye, amma da aka ƙidaya ƙuri'u, 'yan hamayya suka sami kujeru 43 cikin 83, magoya bayansa kuwa 40.

Kujeru uku ɗin nan suka sāke gwamnati. A watan Fabrairu Hama Amadou na MNSD ya zama firaminista, Issoufou kuma shugaban majalisa. Ba a zub da jini ba. Manomin Maraɗi da mai sayar da albasa a Galmi sun ga takardar da suka jefa a akwati tana iya tā da mai mulki daga kujera.

Sai dai zaman da ya biyo baya ya zama na doya da manja. Shugaban ƙasa da firaminista suka yi ta gardama a kan wanda ke da ikon naɗa manyan ma'aikata, har shugaban ya ƙi kiran taron ministoci. Kowa ya riƙe tsarin mulki yana cewa gaskiya tasa ce. A ranar 27 ga Janairu, 1996, Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da su duka. Abin da ƙuri'a ta gina bai wuce shekara guda ba.

Littafin Farawa ya ba da labarin makiyayan Ibrahim da na Lutu da suka yi faɗa a kan makiyaya. Ibrahim ne babba, shi ke da ikon fara zaɓa, amma ya bar wa ɗan ɗan'uwansa, domin zumunci ya fi masa ciyawa daraja. A Yamai ba a sami wanda ya yi wannan sassauci ba.

Masu bi a Nijar kaɗan ne, ƙuri'arsu ba ta cika sauya lissafi ba. Duk da haka su ma suna zaɓe: na dattawa, na ma'aji, na shugabar zumuntar mata. Wanda ya ci da wanda ya fāɗi za su zauna a benci ɗaya ranar Lahadi, su sha daga ƙoƙo ɗaya a teburin Ubangiji. In mai rinjaye ya ƙi jin shawara, wanda aka kayar kuma ya janye hannunsa daga aiki, ikkilisiya za ta tsage ba tare da soja ya shigo ba. Matasa suna kallon dattawansu bayan kowane zaɓe, kuma abin da suka gani shi za su kai majalisa wata rana.