Hayaniya a Cikin Awo

Ƙasar Aliero ta daɗe da yin suna a kan abu biyu, wato albasa da ɗori. A shekarar 2006 aka ƙara mata na uku, da Gwamnatin Jihar Kebbi ta kafa jami'ar kimiyya da fasaha a garin. Tun daga nan 'ya'yan manoman Jega da Maiyama suka fara komawa gida da tambayoyin da iyayensu ba su saba ji ba. Ɗaya daga ciki ita ce ko ana iya auna damshin ƙasa da na'ura, maimakon a dunƙula ta a hannu. Tambayar ba ta wasa ba ce, domin saiwar albasa ba ta nisa. In ruwa ya yi mata kaɗan ta tsumbure, in ya yi yawa ta ruɓe, ga kuma tsadar man injin ban-ruwa tun bayan cire tallafi a 2023.

Wani ɗalibi ɗan Jandutsi ya gwada amsa tambayar a lambun mahaifinsa da Arduino Uno, wani ɗan allon lantarki da bai kai tafin hannu ba, daga dangin allunan da aka fara ƙerawa a Italiya a 2005. Hikimar ita ce, jiƙaƙƙiyar ƙasa tana barin lantarki ya wuce, busasshiya kuwa tana turje masa. Sai dai allon ba ya auna turjiya kai tsaye, ƙarfin lantarki yake aunawa. Saboda haka ɗalibin ya kafa ƙusa biyu a cikin fangali, ya jera su da wata turjiya da aka san girmanta, mai om 10,000, ya auna a mahaɗarsu, sannan ya fitar da turjiyar ƙasar da dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827. Allon yana raba bolt 5 zuwa matakai 1,024, don haka kowane mataki bai cika bolt 0.005 ba. Kunnen da ya kai haka kaifi kuwa, babu abin da ba ya ji.

Lambobin suka ƙi tsayawa: 512, sai 530, sai 498, alhali ko ɗigon ruwa ba a ƙara ba. Mahaifin ya leƙa, ya ce, "Kai yaro, mudun da ke canza magana kafin a ɗauke ido, ko a kasuwar Jega ba a awo da shi."

Masana suna kiran wannan rawar lambobi hayaniya, kuma kalmar ta fi surutu dacewa, domin surutu yana da mai shi, hayaniya kuwa ta taro ce. Doguwar waya tana kwasar tartsatsin fulogin injin ban-ruwa kamar eriyar rediyo. A ɗaki kuma tana kwasar kaɗawar wutar gida, wadda a Nijeriya take juyawa sau 50 a daƙiƙa. Maganin farko na hannu ne: ya gajarta wayoyin, ya murɗe su tare kamar igiya, ya kuma sa ƙaramar kafasita a bakin ƙafar awo domin ta shanye tsalle-tsallen.

Magani na biyu na lissafi ne, kuma shi ya fi cancantar malami ya tsaya a kansa. Allon yana iya awo kusan sau 10,000 a daƙiƙa, don haka babu dalilin dogara da awo ɗaya. Idan kuskuren na kai-komo ne, wani sama wani ƙasa, to matsakaicin awo 100 yana rage shi zuwa kashi ɗaya bisa goma, ba ɗaya bisa ɗari ba kamar yadda ake zato. Wanda yake son ya ƙara rage shi da rabi sai ya yi awo 400. Haka kuma, awo 200 a jere sun kusa cika zagaye ɗaya na wutar gida, sai hawanta da saukarta su cinye juna. Idan kuwa tartsatsi ya jefo lamba ɗaya mai nisa, gara a jera lambobin a ɗauki ta tsakiya. Duk malamin da ya taɓa ganin haziƙin yaro ya faɗi jarrabawa ranar da zazzaɓi ya kama shi ya san dalilin da ya sa ake tara gwaje-gwajen zango.

Amma bayan mako biyu lambar ta tsaya cik, tana kuma ƙarya. Lantarkin da ke bi ta ƙusoshin dare da rana ya sa ɗaya ta yi tsatsa, gishirin takin zamani kuma ya rage turjiyar ƙasa, har busasshen fangali ya riƙa nuna damshi. Irin wannan kuskure gefe ɗaya yake karkata, kuma awo dubu ba ya gyara shi. Dole ta sa ya daina ba ƙusoshin wuta sai lokacin awo, yana kuma juya alkiblarta, sannan ya sake daidaita ma'aunin bayan kowane zubin taki. Wajen daidaitawar, mahaifin ne ke dunƙula ƙasa ya ce wannan ta ƙoshi, wannan tana neman ruwa, ɗan kuma yana rubuta lambar da ta yi daidai da kowace.