Kamala da Shekarunmu na Chow Kit

A watan Fabrairun 2014 kamfanin Marvel ya soma fitar da Ms. Marvel, labarin zane na Kamala Khan, yarinya Musulma 'yar shekara 16, ɗiyar 'yan Pakistan mazauna Jersey City a Amurka. Lokacin ina cikin 'yan Arewa masu karatu a Kuala Lumpur, kuma Chow Kit ce wurin cefanenmu. Mu hau jirgin nan mai tafiya kan dogo ɗaya, mu sauka a tasharta, mu kutsa kasuwar Jalan Raja Bot neman naman akuya, barkono da kuɓewa, ƙasa jiƙe da ruwan kifi, 'yan Indonesiya na ta kiran masu saye. Idan an gama sai a zauna shagon abinci irin wanda ake kira mamak a sha shayin teh tarik. A kan irin waɗannan tebura na karanta yawancin labarin Kamala, leda cike da kayan miya a gindin ƙafata.

Mu da muka tashi a Zariya ba mu rasa jarumai mata ba. Mun san Sarauniya Amina da ganuwarta, mun ji labarin Daurama, mun sha littattafan marubuta mata na Kano. Amma zanen mace mai ƙarfin da ya wuce na ɗan'adam, daga waje yake zuwa mana. Wonder Woman, wadda ta fito tun 1941, ta burge ni, sai dai shigarta kaɗai ta isa a ɓoye littafin idan Baba ya shigo.

Kamala kuwa 'yar gida ce. Tana iya miƙa hannunta ya yi tsawon igiya, ta kumbura dunƙulenta, ta ƙanƙance idan ta so, amma duk wannan bai ɗauke mata dokar komawa gida da wuri ba. Ga uwa mai sa ido, ga yayanta Aamir ustazu, ga ƙawarta Nakia da ɗankwalinta. Daren da ta sami baiwar, ta taga ta sulale zuwa shagalin da aka hana ta, kuma siffar da ta fara rikiɗa zuwa gare ta ita ce ta Carol Danvers, jaruma Baturiya da take kwaikwayo. Nan labarin ya kama ni. Duk yarinyar da ta taɓa zama baƙuwa, a kalli fatarta kafin a amsa sallamarta, ta san wannan kwaɗayin na zama wata. Mun san shi a Malesiya, duk da kiran salla yana iske mu daga masallatan Kampung Baru kamar muna gida. Kamala ta gwada, ta ga rigar aro ba ta rufe katara, ta koma fuskarta, ta haɗa kayan jarumtarta daga rigar ninƙaya ta mata Musulmi.

Har yau na fi ƙaunar wurin da aka tura ta gaban limaminsu, Sheikh Abdullah. Ta je tana jiran faɗa, shi kuwa ya saurare ta, ya ba ta shawarar ta nemi malamin da zai koya mata aikin taimakon da ta sa kanta. G. Willow Wilson da ta rubuta labarin da Sana Amanat da ta shirya shi duk Musulmi ne, kuma ya nuna. Kundin farko ya ci lambar yabo ta Hugo a 2015, shirin talabijin ya biyo baya a 2022 tare da Iman Vellani a matsayin Kamala. Na kalla, na ji daɗi, amma takardar ta fi zauna mini.

A 2017 Roye Okupe ya fitar da Malika, jarumar daular Azzaz, wadda ya gina a kan tarihin Aminar Zazzau. Na yi murna ƙwarai da ganin tamu a doki da takobi. Da Turanci aka rubuta ta, don haka ƙannena mata a Tudun Wada sai da na zauna ina fassara musu shafi bayan shafi, suna katse ni suna tambaya ko wannan ce Aminar da aka sa wa ɗakin kwanan ɗalibai mata na jami'ar Ahmadu Bello sunanta.