Hannun da Ba a Ɗaga Ba

Mu biyar ne masu jin Hausa da aka ɗauka a Sashen Kimiyyar Kwamfuta a shekarar da muka shigo wannan jami'a, wato farkon 2023, bayan yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas wanda ya cinye mafi yawan shekarar 2022. Biyu daga cikinmu haihuwar Sabo ne, a nan Kudu suka tashi. Ukunmu kuwa daga Arewa mota ta sauke mu, da akwati da ƙunshin kilishi da addu'ar iyaye. Yau mu huɗu ne muka rage a aji huɗu. Wannan rubutu a kan na biyar ɗin ne, da kuma abin da rashinsa ya sa muka yi a bana, da aka ce mu ne za mu tarbi sababbin ɗalibai.

Ba mu manta da ranar da sashe ya yi mana maraba ba. An tara mu a babban ɗakin lacca, malamai sun jeru a gaba, aka yi kusan awa biyu ana jawabi. An gaya mana yadda ake rajistar kwasa-kwasai da inda ake biyan kuɗi. An gargaɗe mu game da ƙungiyoyin asiri da satar amsa da shigar da ba ta dace ba. An bayyana mana makin da idan ɗalibi ya faɗo ƙasa da shi za a ja masa kunne, in ya sake a sallame shi. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana da amfani. Abu ɗaya ne ba wanda ya taɓo, shi ne mene ne wannan ilimi da muka zo nema. Can wajen ƙarshe sai wani malami ya tashi, cikin raha, ya ce ko akwai wanda bai taɓa aiki da kwamfuta ba, ya ɗaga hannu. Ɗaki ya kwashe da dariya. Ba hannun da ya tashi.

Ɗan'uwan namu yana zaune a tsakiyarmu, shi ma ya yi dariyar. Daga baya muka san cewa iyakar huɗɗarsa da kwamfuta ita ce jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Kwana biyu ya yi a wata cibiya a hedikwatar ƙaramar hukumarsu yana koyon riƙe linzami da danna A, B, C ko D, ya shiga jarrabawa ya ci. A lissafi kuwa ba kamarsa a cikinmu. Mahaifinsa manomi ne, sa guda ya sayar ya saya masa laftof ta hannu, domin an ce masa ba a wannan karatu sai da ita. Yaron nan ba ya buɗe ta sai dare ya raba, kada wani ya ga yana lalube.

Shekarar farko ba ta tona masa asiri ba, domin kwasa-kwasan aji ɗaya yawancinsu Lissafi ne da Fiziks da Kemistiri da darussan bai-ɗaya, na kwamfuta ɗan kaɗan ne. A nan ya yi fice, har mu kan taru a ɗakinsa idan jarrabawar lissafi ta matso. Amma shi a ganinsa wannan duk sharar fage ce, ainihin karatun yana wurin yaran nan da suka zo da manyan laftof suna ta ambaton Python da Java tun makon farko. A ɗakin kwamfuta mutum uku ake haɗawa a na'ura ɗaya, kuma al'ada ce wanda ya iya shi ke zama a kujera, sauran su tsaya a bayansa suna gyaɗa kai. Shi kullum yana cikin masu gyaɗa kai. Aikin rukuni ma haka, wani ya yi, a sa sunansa. Da aka shiga aji biyu, aka zo kwas ɗin da kowa zai rubuta wa kwamfuta umarni da hannunsa, sai ya faɗi. Ba a kore shi ba, makinsa bai ma kusa kai wa can ba. Shi da kansa ya yanke hukuncin cewa wurin ba nasa ba ne, ya tafi hutun ƙarshen zango bai dawo ba.

Da sauƙi mu ɗora laifin a kan wancan malami mai raha, amma ba za mu yi haka ba, domin mun san namu. Mun sha ganinsa yana kwafe abin da ke kan fuskar kwamfuta da biro, baƙi bayan baƙi, kamar mai kwafar allo, ba tare da ya san abin da yake nufi ba. Mun gani mun kau da kai. Mun kira abin kara, wai kada mu kunyata shi. Gaskiyar magana ita ce mu ma muna da namu duhun da muke ɓoyewa, kuma duk wanda ya buɗe nasa zai buɗe na kowa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, sai dai asirinsa ya tonu. Mu rabin maganar na biyu muka riƙe. Ga shi kuwa muna baƙi, 'yan tsiraru a cikin aji, muna jin kamar duk kuskuren da ɗayanmu ya yi da sunan Arewa baki ɗaya za a rubuta shi.

Sai a aji uku muka ji abin da ya kamata mu ji tun ranar farko. Wani dattijon malami ne ya ɗauke mu kwas ɗin algoridim, wato ilimin tsara matakan warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa shigowa da kwamfuta ba, daga shi sai alli. A wurinsa muka ji cewa kalmar kanta daga sunan Muhammad bin Musa Alkhawarizmi aka samo ta, masanin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, wanda kuma wani babban sashe na littafinsa na aljabara a kan lissafin wasiyya da gado yake. A wurinsa muka ji cewa a 1936 Alan Turing, Baturen Ingila da bai cika shekara 25 ba, ya bayyana a takarda abin da na'urar lissafi za ta iya da abin da ba za ta taɓa iyawa ba, shekara goma kafin a nuna wa duniya ENIAC a Amurka a 1946. Ashe ilimin ya girmi na'urar. Ashe riƙe linzami da sanin inda baƙaƙe suke aikin mako biyu ne, tunanin da ke bayansu shi ne na shekara huɗu. Ranar nan mun fito daga aji ba mai magana. Kowannenmu ya san wanda ya fi mu cancantar zama a wannan darasi.

Don haka a bana, bayan sashe ya gama nasa taron kamar yadda aka saba, sai muka bi sababbin ɗalibai masu jin Hausa ɗaya bayan ɗaya, muka gayyace su ranar Asabar bayan la'asar, ƙarƙashin bishiyar da ke bayan sashe. Su tara suka zo, maza shida mata uku. Da gangan ba mu kawo kwamfuta ba.

Muka ce ɗayansu ya riƙe wata lamba a zuciyarsa, tsakanin 1 da 1000, sauran su gano ta da tambayoyin da amsarsu i ce ko a'a. Suka fara cinke, wannan ya ce 7, wancan ya ce 250, har suka gaji. Sai wata yarinya da tun zuwanta ba ta ce uffan ba ta tambaya a hankali ko lambar ta wuce 500. Aka ce a'a. Ta ce ta wuce 250? Daga nan kowa ya gane dabarar, a raba abin da ya rage biyu a yar da rabi. Muka lissafa tare a ƙasa da tsinke, muka ga tambaya 10 ta isa a gano kowace lamba a cikin dubu, tambaya 20 kuma ta isa ko da a cikin miliyan ne. Muka ce musu wannan da ƙanwarku ta yi yana da suna a littafi, za ku haɗu da shi a aji biyu, kuma ba ta taɓa na'ura ba ta yi shi.

Wani daga cikinsu, da alama ya san gari, ya ce, "Yaya, ni tambayata ita ce, tunda ChatGPT yana rubuta wa mutum duk umarnin da yake so, me ya sa za mu ɓata shekara huɗu?" Tambaya ce mai kyau, mu ma mun yi wa kanmu ita, domin a Nuwamban 2022 abin ya fito, dab da shigowarmu. Maimakon dogon bayani sai muka ba shi kalmomi uku, kaza da ƙasa da zuma, muka ce ya jera su kamar yadda suke a ƙamus. Ya jera daidai, ƙ tana bin k. Muka ce to idan ka ba Python waɗannan kalmomi ka ce ta jera ba tare da wani ƙarin bayani ba, ƙasa za ta koma bayan zuma. Dalili kuwa kwamfuta ba ta san baƙi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII na 1963 gurbi 128 kawai ya tanada, ba ɓ ba ɗ ba ƙ a ciki. Tsarin Unicode da ya fito a 1991 ya ba su gurbi, amma can nesa, k tana 107, z tana 122, ƙ kuwa tana 409. Na'ura ba za ta yi kuka ba, ba za ta nuna kuskure ba, za ta miƙo maka jerin a matsayin aiki ya kammala. Wanda zai gane an yi ɓarna sai wanda ya san Hausa, wanda zai gyara kuma sai wanda ya san dalilin. Ko mutum ne ya rubuta umarnin ko na'ura, wani ne zai duba. Ban da haka, muka ƙara masa, a ɗakin jarrabawa daga kai sai biro da takarda.

Sauran abin da muka faɗa gajere ne. Kada kowa ya matsa wa iyayensa a kan laftof mai tsada, ta hannu ma tana yin aikin aji ɗaya da biyu. Kada a raina lissafin shekarar farko. A ɗakin kwamfuta kuma, wanda bai iya ba shi zai zauna a kujera, wanda ya iya ya tsaya a baya ya riƙe hannunsa a aljihu.

Da magariba ta kawo jiki sai babbanmu ya ba su labarin na biyar ɗinmu, bai ambaci suna ba. Sa'an nan ya maimaita tambayar nan ta wancan malami, amma da Hausa, kuma kafin ya rufe baki ya ɗaga nasa hannun, ya ce shi ma haka ya zo. Aka yi shiru. Yarinyar nan mai raba lamba biyu ita ta fara ɗagawa, wasu biyu suka bi ta. Ba wanda ya yi dariya. Muka sa musu Asabar mai zuwa, da laftof biyu daga cikin namu.

A daren muka kira ɗan'uwan namu a waya. Yana koyar da lissafi a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a garinsu, yana kuma taya mahaifinsa noma. Bayan gaisuwa muka fara ba shi labarin wasan lambar, muka ce daga 1 zuwa 1000, tambaya nawa yake ganin za ta isa. Ba mu ƙarasa ba ya ce, "Goma." Ya yi ɗan shiru, sa'an nan ya tambaya ko su nawa ne suka ɗaga hannu.